Bai Kai Suna Ba

Ni mutum ne mai mantuwa, ina iya neman makullin ɗakina alhali yana hannuna, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na ji muryata tana fitowa daga lasifika a wani ƙaramin asibiti da ke gefen Fulatan ba. Har yau in abin ya faɗo mini a rai sai in ji wuyana ya ɗauki zafi, ko da a tsakiyar sallah nake (Allah ya yafe mini).

Aikina rubuta manhaja ne. A gidanmu a Rogo Sabon Gari babu wanda ya san ma'anar wannan, don haka suka hutar da kansu suka sa mini Injiniya. Inna tana gaya wa maƙwabta cewa gyaran kwamfuta nake yi a birni, kawuna kuwa ya taɓa kawo mini rediyonsa in duba masa. Sunan ya yi mini daɗi, ban taɓa gyara musu ba. In na zo gida ranar Juma'a har wani taku nake yi na daban, jakar kwamfuta a kafaɗa, ko da babu komai a cikinta sai caja da tsarabar burodi.

A lokacin ina aiki a wani ƙaramin kamfani a Kano, kuma an ba mu aikin yin manhajar da za a riƙa yi wa mata masu ciki da masu jego rajista a asibitocin ƙauye. Abin ba wani mai wuyar ganewa ba ne. Fom ne a cikin babbar waya, ma'aikaciyar lafiya tana tambaya tana cikewa. Kowane gurbi a fom ɗin yana da dokarsa: wannan wajibi ne a cike shi, wancan lamba kawai yake karɓa, wani kuma ba a barin sa ya wuce kaza. Shugabar sashenmu, Hajiya Rukayya, ita ke rubuta dokokin. Ni kuma aka ba ni rubuta guntun kod, wato umarnin da kwamfuta ke bi, wanda zai karanta dokokin nan ya tabbatar an bi su. Wato ita ce mai kafa doka, ni ne ɗan sanda.

Hajiya Rukayya mace ce mai ƙa'ida, irin wadda za ta dawo maka da aikin yini guda saboda ka sa wa abu sunan da ita ba ta gane ba. Ofis ɗin yana da tsarin yadda ake rubuta kod, kuma ita ta fi kowa riƙe shi. Kullum sai ta maimaita mana cewa duk maganar da manhaja za ta faɗa wa mutane a ajiye ta a wuri ɗaya da kowa zai iya dubawa, kada wani ya cusa ta a cikin kod ɗinsa. Tana kuma cewa in manhaja ta ci karo da dokar da ba ta gane ba, ta tsaya ta yi ƙorafi, kada ta yi kamar ta gane. Ni kuwa da na koyi kod da kaina a kan waya mai fasasshen gilashi, gani nake duk wannan iyayi ne na waɗanda suka yi makaranta a waje. A bayan idonta Alƙaliya nake ce mata (in kina karanta wannan, Hajiya, ki yi haƙuri, na san ma kin sani).

To ga inda na fara haƙa wa kaina rami. Wasu dokokin nata suna da sharaɗi. Misali, a gurbin sunan jariri ta rubuta cewa wajibi ne, sai dai in an nuna yaron ya rasu. Ɗan sandan nawa bai iya karanta sharaɗi ba. Da ya ga irin wannan doka sai ya cika mini allo da jan rubutu yana cewa bai gane ba. Maimakon in zauna in koya masa, sai na toshe masa baki. Na sa ya riƙa ɗaukar kalmar farko, ya watsar da sauran ba tare da ya ce uffan ba. Da ya ga wajibi, shi ke nan, ya gama karatu. Jan rubutu ya ɓace, allo ya yi fes, na miƙe ƙafa ina jin babu kamar ni. Ranar da ya kamata wani ya duba aikin kafin a haɗa shi da sauran manhajar, Hajiya tana wajen taro, ni kuma na lallaɓa wani abokin aikina ya sa hannu bai karanta ba.

Rami na biyu ya fi zurfi. Da yake yawancin matan da za a yi wa rajista ba sa karatun boko, an tsara manhajar ta riƙa magana. In an bar gurbi ba a cike ba, sai murya ta ce a cike. Wata baiwar Allah mai aiki a gidan rediyo za ta karanta saƙonnin, amma kafin ta zo ina buƙatar abin gwaji, sai na ɗauki muryata. Sauran saƙonnin na ajiye su inda ƙa'ida ta ce. Guda ɗaya ne, na gurbin sunan jariri, na ɓoye a cikin kod ɗina, don na san in Alƙaliya ta ji za ta goge.

Dalilin da ya sa na yi shi kuwa Yaya Hadiza ce. Ita ce babbar yayarmu, ita ta goya ni, ita ta riƙa wanke mini allo da kayan makaranta, kuma har na girma ban taɓa jin ta kira ni da komai ba sai Auta. Tana aure a wani ƙauye kusa da Fulatan, 'ya'yanta duk mata, kuma a lokacin tana da tsohon ciki. Tsakanina da ita tsokana ce kullum. Ina ce mata wannan karon in ba ta haifo mini abokin kallon ƙwallo ba, ba zan zo suna ba, ita kuma ta ce in fara yin aure tukuna kafin in yi wa mutane odar 'ya'ya. Da na riƙe waya zan ɗauki muryar, ita nake gani a gabana. Na ce wata rana za ta kai jaririnta awo, na'ura ta tsokane ta da muryata, ta yi dariya har ta riƙe ciki.

Ta haihu, namiji. Bai kai ranar suna ba ya koma.

Na zo gaisuwa washegari. Abin da na fi tunawa shi ne ragon suna yana ɗaure a gindin darbejiya yana cin dusarsa, da tukunyar ruwan wankan jego tana tafasa a kan murhu, don wanka ba ya tsayawa ko da babu jariri. Yaya tana zaune a kan tabarma ta miƙe ƙafafu, hannuwanta a kan cinya kamar ba ta san inda za ta ajiye su ba. Na durƙusa na ce, "Yaya, ya haƙuri? Allah ya sa mai ceto ne." Ta ce, "Amin, Auta. Ka sha hanya." Iyakar maganarmu ke nan. Rasuwar jariri a wajenmu ba a daɗe ana zancenta, ana ganin tayar da ita ƙara wa uwa ciwo ne. Na koma Kano, aiki ya sha kaina, ita kuma muryar da na ɓoye na manta da ita kamar ban taɓa yin ta ba. Mai rediyo ta zo ta karanta saƙonni, aka sauya duk na gwaji da nata. Nawa da ke ɓoye ba wanda ya san da shi balle a taɓa shi.

Da damina ta yi nisa aka ce za a je a gwada manhajar a gaban jama'a a asibiti guda. Ni da bakina na ce a je na wajen Fulatan. Na kawo hujjoji na aiki har da na nisa da na yawan mata, amma gaskiyar ita ce so nake mutanenmu su ga Injiniya a bakin aiki. Na ɗinka sabuwar shadda, na kai hula wanki. Na buga wa Inna waya na ce a gaya wa kowa.

A hanya muka tsaya a Karaye shan shayi. Hajiya Rukayya ta dube ni ta saman tabaranta ta ce, "Malam, ka dai gwada kowace hanya ko? Har da dokokin nan masu sharaɗi?"

Na ce, "Hajiya, wannan aikin ko ido a rufe zan yi shi."

Ta ce, "To, Allah ya sa."

Na ce amin da ƙarfi, ina tsoma burodi a shayi.

Mun tarar an kafa rumfa a harabar asibitin. Ga wakilin hakimi, ga dagaci, ga liman da wasu dattawa a kan kujeru, mata kuma sun cika tabarmi ta ɗaya gefen, wasu da goyo, wasu da ciki. Aka yi gaishe-gaishe, aka buɗe taro da addu'a. Dagaci da ya tashi magana sai da ya nuna ni ya ce, "Wannan ɗanmu ne, a nan muka ga tasowarsa." Kaina ya ƙara kumbura. Da hannuna na jona babbar wayar da lasifikar taron, na ƙure murya, don na bayan rumfa ma su ji yadda na'urar Injiniya ke Hausa. Ba wanda ya sa ni wannan, ni na ga ya dace.

Aka ce mace ɗaya ta fito a fara da ita. Kowace ta sunkuyar da kai tana gyara mayafi, don ba wadda ke son a yi mata tambayoyin haihuwa a gaban dagaci da liman. Na fara gumi a cikin shaddata. Ina ta murmushin dole ina cewa, "Ku fito mana, ba allura ba ce." Can sai na ga wata ta miƙe daga tsakiyar tabarma. Yaya Hadiza ce. Ta rame, hijabin ya yi mata yawa. Na san ba don tana so ta fito ba, ta ga ƙaninta yana neman jin kunya a gaban manya ne ta kasa zama.

Ma'aikaciyar lafiyar da ke riƙe da wayar, Malama Binta, ba ta daɗe da zuwa garin ba, ba ta san kowa ba. Ta fara tambaya. Da aka zo sunan miji Yaya ta rufe fuska, wata maƙwabciyarta ta faɗa daga baya, aka yi dariya. Sunan 'yar fari ma haka, sai da aka taya ta. Duk gurbin da aka cike sai muryar mai rediyo ta ce an gode, cikin taushi, dattawa suna gyaɗa kai. Ni kuma ina tsaye a gefe na harɗe hannuwa a baya kamar wani gwamna yana duba aiki.

"Haihuwarki ta ƙarshe, mace ko namiji?"

"Namiji."

"Yana raye?"

Yaya ta ce, "Ya koma."

Malama Binta ta ce, "Allah ya jiƙansa," ta danna. A nan ya kamata gurbin suna ya saki hanya, don haka dokar take. Amma ɗan sandan nawa wajibi kawai ya sani. Malama Binta ta ga gurbin yana nan da jar alama, ta sassauta murya ta ce, "Sunansa fa?"

Yaya ta ce, "Bai kai suna ba."

Ta bar gurbin babu komai, ta danna gaba. Sai lasifika ta buɗe da muryata, ƙatuwa, cike da nishaɗi:

"Haba Hajiya! Wace irin rowa ce wannan? An sha wankan jego, an ci naman suna, kuma a ɓoye mana sunan ango? Faɗi mu ji, mu ma mu sa albarka!"

Sannan dariya ta biyo baya. Dariyata, irin wadda nake yi har da ƙyaƙyatawa.

Na bayan rumfa da ba su ji amsar Yaya ba suka fara dariya, sai suka ga na gaba ba sa yi, dariyar ta mutu a bakinsu. Malama Binta ta rikice, ta sake dannawa ko zai wuce. Muryar ta sake farawa daga haba Hajiya. Na yi tsalle zan cire wayar da na jona da lasifikar, na fizgo ta makirufon dagaci, lasifikar ta yi wata ƙara mai huda kunne, muryata kuma tana can tana ci gaba da neman sunan ango. Da na samu na cire wadda ta dace, babbar wayar ta ƙarasa dariyar da ƙaramar muryarta, a hannun Malama Binta, dab da fuskar Yaya.

Da a ce ba a gane mai maganar ba, da wataƙila na laɓe a bayan na'ura. Sai wata tsohuwa, ƙawar Inna, ta ce da ƙarfi, ba da mugun nufi ba, mamaki ne kawai ya kama ta, "La! Ai muryar Injiniya ce."

Liman ya ce innalillahi a hankali. Dagaci ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma ko motsi na kasa, ina tsaye da wayar lasifika a hannu da sabuwar shadda. Yaya ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta dube ni sau ɗaya, ta mayar da ido kan Malama Binta ta ce, "Ki rubuta duk abin da zai sa ta yi shiru." Hajiya Rukayya ce ta taso ta karɓi babbar wayar daga hannun Malama Binta ta kashe, ta durƙusa a gaban Yaya ta riƙe hannunta tana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Daga nan matan ƙauyensu suka kewaye ta suka fita da ita. Yadda aka rufe taron ban sani ba, an dai ce an yi addu'a.

Muka kamo hanyar Kano a mota har muka iso Karaye. Ina jira Alƙaliya ta yanke hukunci, har na fi son ta zage ni. Sai ta buɗe kwamfutarta a kan cinya, ta juyo mini da ita. Ga dokarta nan yadda ta rubuta, daidai, da sharaɗinta. Ga kuma layin da na toshe wa ɗan sandan baki. Ta ce, "Da ka bar shi ya yi ƙorafi, da a ofis zai yi, mu kaɗai za mu ji."

Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri."

Ta ce, "Nawa mai sauƙi ne, gobe ma ka ba ni. Ba ni ce na fita daga rumfar nan ba." Ta ce wa direba ya tsaya.

Na sauka na hau acaɓa na koma. Duk tsawon hanyar, tsakanin gonakin masara da na rake, ina shirya abin da zan faɗa, kuma duk wanda na shirya sai in ji bai kai ba. Bayan la'asar na isa. Na tarar da ita a tsakar gida tana ɓare masara a cikin faranti, 'yan matanta sun tafi islamiyya. Na yi sallama, ta amsa, ta tura mini tabarma da ƙafa.

"Ka ci abinci?"

"Yaya, ki yafe mini. Wallahi tun kina da cikin na ɗauke ta, don in ba ki dariya. Na manta tana ciki."

Ta ci gaba da ɓare masararta. Can ta ce, "Muryar taka kamar ta mai tallan maganin basir a kasuwar Rogo." Na ɗago ina sa ran murmushi, akwai shi kaɗan, amma idonta ya cika. "Na san ba da gangan ka yi ba, Auta. Ni na goya ka, na san iyakar wautarka."



Ta ajiye masarar. "Ka san abin da ya tsaya mini a wuya? Tun da yaron nan ya koma, kowa haƙuri yake ba ni. Inna haƙuri, Malam babansa haƙuri, kai ma da ka zo haƙuri. Ba wanda ya taɓa cewa, Hadiza, wa aka sa masa? Kowa gani yake tun da ba a yanka rago ba, babu komai. Ni kuma in na tuna shi ba jariri nake cewa a raina ba. Sai yau aka tambaye ni, karo na farko, kuma na'ura ce ta sa aka tambaya, a gaban maza, tana dariya."

Na ce, "Ashe yana da suna?"

"Malam ya yi masa huɗuba tun ranar da ya faɗo. Mun bari ne sai ranar suna a faɗa, ka san yadda ake yi."

Na gyara zama. Wannan karon da bakina, ba lasifika, ba kowa sai ni da ita da kaji suna tsintar masarar da ta zube, na ce, "Yaya, wa aka sa masa?"

Ta dube ni, ta faɗi sunana. Sunana na yanka, cikakke, wanda ban taɓa ji daga bakinta ba tun da nake.

Na ce, "Na'am."

Ta ce, "Ba kai nake kira ba."

A nan na yi kukan da ban yi ba ranar gaisuwa, ƙato da ni, da shadda da hula, har ita ce ta koma tana ba ni haƙuri.

Kamfanin bai kore ni ba, ko da yake na cancanta. Na sake rubuta ɗan sandan daga farko, a bisa tsari, Hajiya Rukayya ta karanta kowane layi tana zaune kusa da ni kamar mai tsaron jarrabawa. Yanzu in an nuna yaro ya rasu, gurbin suna ba ya tilasta wa kowa, sai dai muryar mai rediyo ta tambaya a hankali ko an yi masa huɗuba, in uwar tana so a rubuta. Malama Binta ta gaya mini da yawa suna so.

Yau ni ne mai takura wa sababbin ma'aikata a ofis. In na ga an rubuta wajibi a kan gurbi sai na tsare mutum da tambayar wa zai zo ba shi da amsa, in kuma na kama saƙo a ɓoye cikin kod, aikin gaba ɗaya nake mayarwa. Na ji ana ce mini Alƙali a bayan ido, kuma na karɓa. Darasin dai na same shi da tsada: abin da bai gane magana ba, na'ura ne ko Injiniya, gara ya tsaya ya ce bai gane ba, da ya kama kalmar farko ya hau surutu. Saƙon murya ko a waya ban ƙara tura wa kowa ba. In kuma aka kira sunana a ofis, har yanzu sai na ɗan jinkirta kafin in amsa.